Yadda muka mai da tsohon sito wurin zaman ɗalibai

Da aka janye yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a watan Oktoban 2022, bayan wata takwas muna zaman gida, sai muka koma makaranta muka tarar an matse zangon karatu. Laburare kullum a cike, ga shi ba a magana a ciki. Masu son tattauna darasi sai gindin darbejiya, ƙurar hunturu na cika mana littattafai.

A bayan sashenmu akwai wani ɗaki da kwaɗonsa ya yi tsatsa. Ni da abokan karatuna huɗu muka je wurin shugaban sashe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan muke roƙo a ba mu aro." Ya yi dariya, ya ce mu fara leƙawa tukuna.

Warin kashin jemage ne ya fara tarbarmu. Gara ta cinye silin, tafireta uku sun yi ƙura a kan wani tebur mai ƙafa uku, karyayyun kujeru tuli guda. Nan muka fara cin karo: ashe kayan gwamnati ba a jefar da su haka nan, ko da sun mutu murus. Kowace kujera da lambarta a jiki. Sai da muka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, jami'in sito ya sa hannu, sannan aka kwashe. Wannan kaɗai ya ci mana mako uku.

Kuskurenmu na farko zumuɗi ne. Kuɗin da muka tara na karo-karo, rabinsa a fenti ya tafi, don muna son a gani a yaba. Ba wanda ya hau ya duba kwano. Ruwan farko na damina ya zubo ta ramukan ƙusoshi, ya zana mana taswira a bango. Dole muka koma kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano sayen kwano da ƙusa, muka sake fentin da aljihunmu.

Na biyun ya fi ban haushi, kuma ni na kawo shawarar. Akwai ƙananan tagogi can sama kusa da rufi, na ce a toshe su da katako saboda jemagu. Baba maigadi yana kan bencinsa yana kallonmu, ya ce, "Ɗana, waɗanda suka gina ɗakin nan ba mahaukata ba ne. Ta nan zafi yake fita." Ban ji ba. Watan Afrilu na kamawa ɗakin ya koma tanda. Muka ɓalle katakon muka sa raga, kamar yadda ya faɗa tun farko. Har yau in ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar jemagu.

Janareta muka so saya, sai aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Muka haƙura da farantin sola biyu da batir ɗaya: fanka biyu, ƙwan lantarki uku, da wurin cajin waya. Cajin nan, a gaskiya, shi ya fi komai jawo mutane.

Bencina kuwa mun jera su sahu-sahu kamar aji. Kwana biyu ɗalibai suka ture su jikin bango, wani ya kawo tabarmi, ɗaki ya koma zaure. Sai muka lura mata ba sa shigowa, saboda maza sun tare bakin ƙofa da hira. Wata 'yar ajinmu ce ta ce a buɗe ƙofar baya da muka jingine allo a kanta. Aka buɗe, suka kama wancan ɓangaren.

Rigimar masu hira da masu karatu ba mu gama kashe ta ba. Mun dai ce daga la'asar zuwa magariba a yi surutu son rai. Makulli yana hannun Baba, shi ke buɗewa da safe, shi ke korar mu ƙarfe goma na dare.