Haruffa uku a jikin dutse

Jiya na miƙa makullin ɗakin zane, kwas ɗin gyaran tsofaffin gine-gine a Suwizalan ya ƙare. 'Yan ajinmu sun san abin da ya faru ranar gabatar da rahoto, don haka ba sai na yi kwana-kwana ba.

Taga ɗaya aka ba ni a fadar Chillon, wadda ke zaune kan tsibirin dutse a bakin tafkin Janiba, kusa da Montreux. Mako uku ina awo ina zane. Na rubuta ba shakka cewa aikin ƙarni na 13 ne, zamanin Pierre na Biyu na gidan Savoy da ya faɗaɗa fadar. Malamin da ke duba aikina ya karanta daftarin sau biyu, bai ce uffan ba. Sai da ɗaki ya cika maƙil ya haska hoton da ni da kaina na ɗauka, ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa: RFS, ga shekara a gefe.

Alamar Albert Naef ce, mutumin da ya jagoranci gyaran fadar tun ƙarshen ƙarni na 19. Shi ya sa a riƙa sassaƙa haruffa a jikin sabon dutse don kada na baya su ruɗe. RFS na nufin an kwaikwayi na asali sak, RL kuwa mai gyara ya yi yadda ya ga ya dace, ba kwaikwayo sak ba. Domin irina aka yi alamar, ni kuma na tsallake ta.

Laifina ne, ban musa ba. Amma shirun nan nasa har yau yana min ciwo. Da ya kira ni ofis ya ce, "Malama, je ki sake dubawa," da magana ta ƙare. Ya gwammace ya koyar da aji da ni.

Na koma ni kaɗai da tocila. A nan na fara ganin fadar sosai: ɓangaren hanya hasumiyoyi uku da 'yan ramukan harbi, ɓangaren ruwa manyan tagogin ɗakunan sarauta. Ga kuma sawun mutanen Bern da suka ƙwace ta a 1536, suka fito da Bonivard, wani malamin addini na Janiba da gidan Savoy ya tsare, daga kurkukun ƙasa, suka riƙe ta har 1798.

Sauran darussan ƙanana ne: a auna sau biyu, a ajiye kowane hoto, kada a ɗauki shirun malami a matsayin yarda.

Rahotona na biyu bai samu inda zai ɗora jan biro ba. Bai yaba ba, ni ma ban jira ba. Tocilar na bar wa wata sabuwar ɗaliba, na ce ta fara daga kusurwar ƙasa.