Inda na kai da gafaka, da abin da muka koya a kan kuloko

Ƴan'uwa masu koyon dukanci, barkanku da sanyi. Alaben da na ba ku labari ya ƙare, yana aljihuna, kuma har yanzu ɗinkinsa bai saki ba. Yanzu gafaka nake yi, irin wadda almajirai ke sa Alƙur'ani a ciki. Na yanke jikinta da marfinta, na rina su ja, na ɗinke gefe guda. Saura ɗayan gefen, da maratayi, da zanen baƙi a kan marfi. Wannan zanen ne ya cinye mana zaman wannan mako.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: muna haɗuwa ne a fadarmu ta unguwar Zango a nan Damagaram bayan La'asar, inda da can shayi da hira kawai muke yi. Wani dattijo baduku, maƙwabcinmu, da idonsa ya fara rauni ya rage aiki, shi ya fara zuwa da basillarsa yana zama kusa da mu. Ba ya karɓar ko dala. Kowa ya zo da fatarsa, a haɗa dala ashirin-ashirin na ganye da sukari, shi ke nan. Ba ma kiran abin makaranta, don Baba ba ya koyarwa da baki sosai. Yana yi kana kallo, ka yi yana kallo, in ka karkace ya ce, “Yaro, kawo nan,” ya gyara ya miƙo maka.

Mun daɗe muna jin cewa kuloko shi ne baƙin dukawa, amma ba mu taɓa ganin yadda ake haɗa shi ba. Baba ya aiki wani daga cikinmu maƙera ya kwaso kashin ƙarfe da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa. Aka zuba a ƴar tukunya da ruwa da sukari, aka rufe, aka ajiye ta kwanaki har ta yi tsami. Warinsa ba na shiga ɗaki ba ne, ku ajiye shi a bayan gida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ruwan kansa ba baƙi wuluk ba ne, wani gurɓataccen ruwa ne kawai. Sai ka tsoma tsinke ka ja layi a kan fata, nan take layin ya fara duhu, kafin ka ɗago kai ya koma baƙi.

Wani ɗan fadarmu da ke karatun kimiyya a Jami'ar André Salifou shi ya warware mana dalili. Ya ce baƙin ba a cikin tukunyar yake ba. Bagaruwar da majema ke jeme fata da ita tana barin wani sinadari a jikin fatar, wanda in ya gamu da ƙarfe sai su haifi baƙi. Shi ya sa ba ya gogewa, don a cikin fatar ya samu, ba a samanta ba. Shi ya sa kuma in ka shafa kuloko a fatar kamfani da aka jeme da gishirin zamani, ba ya kamawa. Mun gwada a kan guntun tsohon takalmi, ko gezau. Baba ya ce shi tun yana yaro ya san ba ya kama irin wannan fata, amma sai yau ya ji dalili, kuma ya sa aka maimaita masa. Ni dai a ganina wannan ne amfanin yin abin a fili. Da a zauren gida ake yi, tsakanin uba da ɗa kamar yadda aka gada, ɗalibin nan ba zai taɓa zama a wurin ba.

Gargaɗi biyu daga wannan. Kada ku bar wuƙa ko almakashi a kan jiƙaƙƙiyar fata, zai bar tabo baƙi da ba ya fita. Kuma kuloko ba ya yafiya: layin da ka ja ya zauna ke nan. Ni a kan kwali nake ta gwada zanen da bik kafin in kusanci marfin.

Ja bai ba mu wahala haka ba. Karan dafi ne da ruwan kanwa, a shafa, a bari ya sha, a ƙara, sannan a bi shi da lemun tsami don launin ya fito da haske. Da iskar hunturun nan fata na bushewa da sauri har ta ƙage, saboda haka ku ɗan shafa mata man gyaɗa kuna murzawa.

Maratayi kuwa, wani tela daga cikinmu ne ya fara ankarar da mu, Baba ya gaskata shi: a yanka shi a tsawon gadon bayan fata. Wajen ciki ya fi taushi, yana miƙewa, in ka rataya littafi mai nauyi da shi ba a jima ba gafakar ta sauko gwiwa. Telan nan ya kuma nuna mana yadda ake fitar da fasali a kwali a jera a kan fata kafin a sa wuƙa, don kada a yi asarar gefe. A madadin haka shi kuma yana koyon kankare bakin fata ta ciki, yadda in an ninka ba za ta yi tudu ba. Nan ne ni ma hannuna bai nuna ba tukuna. Wuƙar na son ta kwanta sosai, kuma sai an yi ta wasa ta a dutse.

Wani ya tambaya ko dole ne sai fatar jar akuya. Ba dole ba ne ga mai koyo, ta tunkiya ta fi araha kuma ta ishi gwaji, sai dai tana saurin yagewa a wurin ɗinki. Amma in ka taɓa ta jar akuyar Maraɗi za ka gane bambanci, ƙwayar fuskarta a matse take. Irinta ce ayari ke ɗauka daga ƙasar Hausa su ƙetare Sahara, Turawa na saye suna kiranta fatar Maroko. Damagaram na kan wannan hanya tsakanin Kano da Agadas, kuma ta yi ƙarfi sosai a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Duk wanda ya tsaya ƙofar fadar Sarki a Birni ranar hawan Salla ya dubi kayan dawakai da kuben takubba, ya san dukawan garin nan ba jiya suka fara ba.

Akwai maganar da ta taso wadda ban so mu share ta. Wani baduku da ke da rumfa ya yi wa Baba ƙorafi, wai yana raba gadonsu a titi, gobe yaran nan za su cika kasuwa da kaya masu arha. Ban ga laifinsa ba, da wannan yake ci da iyalinsa. Abin da muka tsayar shi ne: abin da muka yi na koyo mu riƙe ko mu bayar kyauta, ba ma kai shi kasuwa mu karya farashi. Wanda hannunsa ya nuna har yana son ya mai da ita sana'a, Baba zai haɗa shi da mai rumfa ya zauna ƙarƙashinsa yadda aka saba. Zare da basilla ma wurinsu muke saye.

Ranar Alhamis za mu shiga Kasuwar Dole tare da Baba da safe, ya nuna mana yadda ake zaɓen fata: a ɗaga ta a rana a duba ramukan wuƙar fiɗa, a ninka a ga ko fuskar za ta tsage. Mai zuwa ya taho da kuɗin fatarsa. Zama na gaba a kan tuntu ne, kowa ya tattaro guntayen da suka rage masa, ko ƙanana ne kada a zubar. Wanda ya ari dutsen wasa wuƙa kuma, don Allah ya dawo da shi.