Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Tulun Iri

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda mahaifina ya raba mini yini gida biyu, safiya a makarantar allo, yamma kuma a bayan awakinmu. Yau zan shiga shekaru biyun da duk wanda ya yi wayo a ƙasar Daura a wancan lokaci ba ya bukatar a tuna masa da su, wato 1973 da 1974. Ban cika shekara goma sha biyu ba sa'ad da abin ya fara, amma babu wani zango na rayuwata da nake iya tunawa dalla-dalla kamar wannan.

Farin bai faɗo mana rana ɗaya ba. Tun wajen 1968 damina take zuwa a makare ta kuma ɗauke da wuri, sai dai kowace shekara akan samu abin da za a lallaɓa a kai ga wata. Daminar 1972 ce ta fara karya mutane, domin gero bai cika rabin rumbu ba, gyaɗa kuwa, wadda da kuɗinta ake biyan haraji a yi suturar salla, ko irin da aka zuba ba ta mayar ba. A watan Janairu na 1973 aka canza kuɗi, naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, amma a kasuwar Mai'aduwa mutane suka ci gaba da ciniki da tsohon lissafi, kuma ko da wane lissafi aka yi, kuɗin tiyar hatsi hawa yake yi kowace kasuwa yayin da kuɗin akuya yake sauka.

A daminar 1973 sau uku muka yi shuka. Za a yi ruwa guda mai ɗan dama, kowa ya fita da sungumi, tsiro ya fito kore shar, sa'an nan sama ta ɗauke, iska mai yashi ta taso ta binne shi ko rana ta ƙone shi. Ana cikin wannan hali, ranar Asabar 30 ga watan Yuni, aka yi husufin rana. A can arewa, wajen ƙasar Agadas, rana ta rufe ɗungurungum. Mu a wajenmu hasken ne ya dushe da tsakar rana ya koma wani iri, kaji suka rikice, mata suka fito tsakar gida suna salati. Liman ya ja mutane sallar husufi, bayan 'yan kwanaki kuma aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya suka juya rigunansu, mu yara aka sa mu gaba saboda an ce addu'ar marasa zunubi ba ta faɗuwa ƙasa. An sami ruwa a watan Agusta, amma ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Azumin shekarar ya zo daidai lokacin girbi, muka shiga gona da ƙishirwa muna yanke zangarniyar da idan ka murza ta a tafin hannu ƙaiƙayi kawai za ka gani. Gonar da take ba mu dami sittin a shekara mai albarka, dami bakwai muka ɗaure a cikinta.

Tun damman suna ƙofar rumbu kakata, wadda muke kira Iya, ta sa aka kwance su. Ta zauna a kan tabarma yini guda tana bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu ido. Ta sussuke su da hannunta, ta sheƙe, ta cakuɗa da toka don kada ƙwaro ya shiga, ta ɗura a wani tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta sa ni na haƙa rami a ƙarƙashin gadonta muka binne. Da muka gama sai ta dube ni ta ce, “Maigidana, abin da ka gani a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan. Wannan ba abinci ba ne, iri ne.”

Iya ba ta san shekarunta da lamba ba, da yunwa take ƙirga su. Takan ce tana 'yar talla aka yi Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914. Tana goyon ɗanta na fari aka yi 'Yar Buhu a 1927. Ta ga 'Yar Gusau a 1942, ta kuma ga Muda a 1954. Daga cikinsu duka Kakalaba ce ba ta son zancenta, in kuwa ta yi, abu ɗaya take nanatawa: a garinsu wuya ta sa mutane suka daka irinsu suka sha, da ruwa ya sauka kuma aka rasa abin da za a jefa a rami, sai yunwar shekara guda ta zama ta shekara biyu, garin ya watse ya zama kufai. A da ina ɗaukar wannan labari kamar tatsuniya, sai da na ga tulun nan ya shiga rami na gane cewa shekara sittin ta yi tana ɗauke da shi a zuciya.

Da hunturu ya shiga sai baƙi suka fara gangarowa daga arewa, daga Damargu da Tanut da can gaba, Buzaye da Fulani waɗanda dabbobinsu suka ƙare a hanya. Na ga mutumin da aka ce da garken raƙuma ya bar gida, ya iso garinmu da jaki ɗaya da takobi, ya kuma sayar da takobin a kan 'yan tiyoyin dawa. Mahaifina ya ba shi zaurenmu shi da matarsa da 'ya'ya biyu, suka yi kusan wata guda kafin su wuce Kano, inda da yawa daga irinsu suka zama masu gadi. Ba ma jin yarensu sosai, su ma Hausarsu kaɗan ce, amma duk abin da aka dafa a cikin gida sai an fitar musu da ƙwaryarsu, ko da kuwa ruwa-ruwa ne. Daga baya, a watan Afrilu na 1974, muka ji a rediyon mai shayi cewa sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Diori Hamani a Yamai, Seyni Kountché ya karɓi mulki, kuma batun yunwar nan yana cikin dalilan da suka bayar.

Bayan babbar salla, wadda a gidaje ƙalilan aka yi layya, mahaifina ya bi sahun sauran magidanta ya tafi cin rani Kano. Ya yi ga-ruwa a Fagge, ya yi dako a kasuwa, ya kuma ce da ya ga abin da ya rage na dalar gyaɗa sai da ya yi ƙwalla. Abin da ya samu yakan aiko da shi ta hannun direban wata babbar mota, wani lokaci garin rogo, wani lokaci 'yan sulalla a ƙulle cikin tsumma. Garin ya zama na mata da yara da tsofaffi, kuma a hannun tsofaffin matan nan rayuwarmu ta koma, domin su kaɗai suka san abin da daji yake ɓoye da shi.

Da farko goruba muka bi, muna gwaguyar bayanta, Inna, wato mahaifiyata, kuma tana saƙa tabarmar kaba ana kaiwa kasuwa. Muka ci magarya da aduwa da ganyen jiga da yaɗiya. Muka share ƙarangiya, wadda a da in ta kama mana ƙafa sai mu yi ta tsaki, aka daka ta a hankali aka fitar da ɗan ƙwayar da ke cikinta aka yi tuwo. Wasu har gidan tururuwa suka riƙa fasawa don kwashe hatsin da ta tara. Da waɗannan suka yi ƙaranci sai Iya ta ce lokacin anza ya yi.

Anza ɗan itace ne da ba ya kula da fari, ganyensa kore ne ko da komai ya bushe. Mukan tashi da asuba mu yi tafiya mai nisa wajen iyaka, mu tsinko 'ya'yanta, a shanya, a ɓare, a fitar da ƙwayar da ake kira dilo. Ƙwayar nan ɗacinta ya fi na maɗaci, kuma wanda ya ci ta ba a gyara ba zai iya rasa ransa. Iya takan jiƙa ta a babbar tukunya, kowace safiya ta tsiyaye ruwan ta zuba sabo, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta taɓa da harshe ta tofar, ta girgiza kai ta ce da saura. Haka za a yi kwana huɗu ko biyar, alhali ruwan ma sai an kwana a bakin rijiya ake samunsa, mu kuma muna zagaye da tukunyar cikinmu yana ƙugi. Ranar da ta taɓa ta yi shiru ba ta tofar ba, ranar za a dafa kamar wake, a barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli idan akwai. Har yau in na rufe ido ina jin ragowar ɗacin nan a ƙarshen harshena, ina kuma ganin yadda take raba mana da ludayi, nata kason kullum shi ne na ƙarshe kuma shi ne mafi ƙanƙanta.

A irin wannan lokaci ba wanda yake fita ya ce gidansa ba a ɗora tukunya ba, kunya ba ta bari. Amma a ƙauye turmi ba ya ɓoye sirri. Idan aka kwana biyu ba a ji daka a gida ba, maƙwabta sun san abin da ake ciki. Akwai wata gwaggo da danga ɗaya ta raba mu, mijinta ma yana cin rani. Sau da yawa bayan magariba sai mu ga an turo ƙoƙo ta ƙarƙashin danga da ɗan tsaki ko dusa a ciki, ba sallama, ba magana. In mun samu, Inna takan mayar da ƙoƙon ta wannan hanya da abin da ya sawwaƙa. Su biyun suna haɗuwa a bakin rijiya kullum, amma ban taɓa jin ɗayarsu ta ambaci ƙoƙon nan ba har suka koma ga Allah.

Ana cikin zafin bazara ƙyanda ta shigo gari, ta sami yara jikinsu ba ƙarfi. Ƙanwata, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta kamu. Ta ƙi anza, ta ƙi komai, sai kunu take kira. Wani dare ina kwance a ɗakin Iya sai Inna ta yi sallama ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce, “Iya, ki dubi girman Allah ki taimake ni da ko tafi ɗaya ne, na san akwai.” Iya ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta tashe ni ta ce in tone ramin. Ta fasa lakar da hannunta, ta auni ƙoƙo ɗaya, ta miƙa wa Inna ta ce, “Ungo, 'yar nan. Wannan na yarinya ne. Sauran na waɗanda za su ga baɗi ne, kada ki sake tambayata, don ba zan iya hana ki ba.” Kafin gari ya waye ta kwaɓa sabuwar laka ta liƙe tulun. Washegari ta ba ni zanenta na saƙi, wanda ta ajiye tun na aurenta, ta ce in kai wa dillaliya, kuɗin kuma a sayo gero a ci gaba da dama wa yarinya kunu. An yi kunun, ta sha na kwana shida, a na bakwai Allah ya karɓi abarsa.

Na yi shekaru ina tambayar kaina ko da an buɗe tulun tun da wuri da ta rayu. Yanzu da na binne nawa 'ya'yan, na kuma riƙe gida a shekarar 1984 da fari ya sake dawowa, ba na ɗora wa kowa laifi a cikin matan nan biyu. Inna ba ta ƙara tambaya ba, Iya kuma ba ta ƙara cin anza a gabanmu ba sai ta tabbata kowa ya ci.

Mahaifina ya dawo da hadarin farko, a rame, da rabin buhun dawa a ka. Ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwar 'yarsa da bai ga jana'izarta ba. Da aka yi ruwan shuka na 1974, mutane da yawa ba su da abin shukawa. Wasu suka jinginar da gona don su sayi iri, wasu suka jira wanda hukuma ta raba ta hannun dagaci. Da asubar ranar Iya ta sa aka fito da tulun tsakar gida aka fasa bakinsa. Ta auna wa mahaifina abin da zai ishi babbar gona, ta cika ƙoƙon gwaggon nan ta tura ta ƙarƙashin danga, ta kuma aika wa liman da wasu gidaje biyu. Ni na bi bayan sungumin mahaifina ina jefa iri ina takewa da diddige, toka tana manne a yatsuna.

Watanni ukun da suka biyo baya sun fi duk na baya wuya, domin ga noma ana yi da ciki wayam, sai kwaɗon tafasa da rama. Amma ruwa bai yi mana gardama ba a wannan shekara. Ranar da gero ya fara nuna, mahaifina ya karyo zangarniya biyar ya kawo gida, aka gasa tumu, ya durƙusa ya miƙa wa Iya na farko. Ta murza a tafinta, ta hure, ta ɗan tauna da sauran haƙoranta, sa'an nan ta miƙa wa Inna ragowar.

Bayan an gama girbi, bashin da ya taru a kan mahaifina ya sa ya yanke shawarar rage baki a gida, ya damƙa ni a hannun malaminmu wanda yake shirin tafiya Kano da almajiransa. Yadda muka bar gari a ƙafa da allo a rataye, da abin da na tarar a birnin, shi ne zai zo a kashi na bakwai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.