Farautar Dorina a Kan Farantin Tagulla

Aikin da na ɗaukar wa kaina shi ne kwafar farautar dorina da kada ta Rubens, mai zane na birnin Antwerp a Beljiyam ta yau, wadda ya zana wajen 1616 don Maximilian, basaraken Bavariya a Jamus ta yau, almajirin Rubens ɗin Pieter Soutman kuma ya mayar da ita hoton bugawa. Hanyar ba ta sauya ba: a shafe farantin tagulla da kaki, a zana da allura, a tsoma a ruwan asid ya cinye inda allurar ta bi, sannan a cusa tawada a danna takarda mai ɗanshi. Abin da ke dama a faranti, hagu zai fito.

Mai kallo dorinar yake fara gani, baki wangame a tsakiya, ta take kada da ƙafa. Mai riƙe da allura kuwa dole ya bi kowane jiki, a nan ne na lura da yadda aka jera mutanen. Mahaya uku suna sama, tufafi masu tsada, makami a hannu, dawakai sun yi tsaye da ƙafafun baya. A ƙasa bayi biyu ne kusan tsirara, ɗaya ya riga ya faɗi, ɗayan yana fama da wuƙa dab da haƙoran kada. Karnuka ma sun fi su samun wurin tsayawa. Wajen inuwar wannan kusurwa ta ƙasa sai da na yi ta gicciya layi kan layi har yatsuna suka ƙage, alhali saman hoton sarari ne da haske.

A Turai ta wancan zamani farautar manyan namun daji haƙƙin sarakuna da fadawa ne, ana kuma ɗaukarta atisayen yaƙi. Basaraken da ya rataye wannan a fadarsa ta Schleissheim cewa yake yi shi ne mai murƙushe duk abin da ya gagara. Ko bai taɓa taka bakin kogin Nilu, inda zanen ya nuna ana farautar, ba, ba damuwa.

Ni dai a ganina bugawar ta fi zanen asali tasiri. Zanen ɗaya ne, yau yana gidan tarihin Alte Pinakothek a Munich. Farantin Soutman kuwa ya fitar da takardu masu yawa, har ɗan kasuwar Antwerp da doka ta hana shi harbin barewa ya saya ya manna a ɗakinsa.