Gonar Tudu da Gonar Fadama

Na fara aikin akawu a wani shago a Kantin Kwari a 2004, ina fitowa daga makaranta da difiloma a fannin lissafin kuɗi. Aikina shi ne rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita: dila nawa aka sauke, bandir nawa na shadda aka ba wane bashi, wa ya biya, wa ya ce sai ya dawo daga Agadas. Maigidana Alhaji bai yi boko ba, allo ya yi. Amma in ya ce maka sauran turmi goma sha bakwai na atamfa a sito, kada ka wahalar da kanka da zuwa ƙirgawa.

A lokacin ina ganin na fi shi sanin kuɗi. Shi ya san ciniki, ni na san ilimin abin. Haka nake faɗa wa kaina.

Wanda ya yi wayo a 2007 zai tuna zazzaɓin hannun jari. Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya tilasta wa bankuna su tara jarin naira biliyan 25, aka haɗe su daga 89 suka koma 25, kowanne ya fito yana neman kuɗin jama'a. Ma'aikatan banki har cikin kasuwa suke biyo mu da fom, 'yan mata da samari cikin kwat, suna gumi a layukan Kwari. Kullum ka ji wane ya sa dubu ɗari ta zama dubu ɗari uku. Ina da naira 400,000, kuɗin adashi da abin da nake tarawa na aure. Na tuna an koya mana a aji cewa ba a zuba jari wuri ɗaya, sai na raba su huɗu, na sayi hannun jarin bankuna huɗu, kowanne na dubu ɗari. Na kai wa Alhaji takardun da alfahari, bayan sallar la'asar, yana zaune a kan dila yana cin goro.

Ya juya su ya sake juyawa, duk da ba karantawa zai yi ba.

"Akawu, duk huɗun nan banki ne?"

"Eh, ranka ya daɗe, amma ai kowanne daban."

"To. Maganar kuɗin ruwa dai ka je ka tambayi malamai, ba tawa ba ce. Amma mahaifina gona biyu gare shi, ɗaya a tudu ɗaya a fadama. Shekarar fari fadama ke ciyar da mu, shekarar ambaliya tudu ke ciyar da mu. Maƙwabcinmu gona huɗu gare shi, duk a tudu. Ran da ruwa ya ɗauke, sai aka ga ashe gona ɗaya gare shi."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi makaranta, na karɓi takarduna.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000. Bayan shekara ɗaya ya gangaro kusan 20,000. Bankunan nan huɗu tare suka faɗi, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, domin ciwonsu iri ɗaya ne: sun yi ta ba mutane bashi su sayi hannun jari, farashi na tashi saboda bashin, bashin na ƙaruwa saboda farashin. A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Ɗaya daga cikin nawa daga baya gwamnati ta karɓe shi, takardar da ke hannuna ta zama ta ƙunshe ƙosai. Aurena sai da aka ɗaga shi da shekara guda, kuma ban iya gaya wa surukaina ainihin dalili ba.

Akwai lissafin da na sani a takarda amma sai a lokacin ya shiga jikina. In dubu ɗari ta faɗi da rabi ta koma hamsin, ba ribar kashi hamsin cikin ɗari za ta mayar da ita ba, sai ta ninka kanta. In kashi biyu cikin uku ya tafi, sai abin da ya rage ya ninka sau uku. Masu cewa a yi haƙuri kasuwa za ta dawo ba su yi ƙarya ba, ta dawo. Sai dai ma'aunin nan bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a watan Agusta na 2023. Shekara goma sha biyar, kuma naira ta 2023 ba ita ce ta 2008 ba.

Daga nan na fara karanta littafin Alhaji da wani ido. Ni ke rubuta shi shekara da shekaru, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake yin abin da yake yi ba. Kayansa ba sa kwana a sito ɗaya, ko da hakan na jawo ƙarin kuɗin haya da na 'yan dako: wasu a Kwari, wasu a bene, wasu a wani gida a Fagge. Ba ya barin bashin mutum ɗaya ya yi nauyi, ko da mutumin amininsa ne na shekara ashirin. In ya kai wani mizani sai ya ce, "Alhaji, a rage na baya tukuna," yana dariya, amma ba zai saki ko turmi ɗaya ba. Duk shekarar da kasuwa ta yi kyau, maimakon ya ƙara dila sai ya zare wani abu ya sayi gidan haya, ko ya ƙara shanu a wurin Bafulataninsa. Yaransa suna gunaguni, wai da kuɗin nan an juya su a atamfa da sun fi kawo riba. Gaskiyarsu ce, a yawancin shekaru. Da gobara ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016, mun ga mutanen da da daddare suke attajirai, gari ya waye ba su da komai sai rigar jikinsu, saboda duk abin da suka mallaka yana cikin shago ɗaya. Da ruwa ya shiga Kwari a daminar 2022 mu ma ya taɓa mu, mun kwana biyu muna shanya atamfa, amma abin da ya jiƙe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kayanmu ba. Ranar ban ji mai gunaguni ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, domin na yi shi ne ina ganin na warke. Na ce ni da takarda har abada, ƙasa ce dukiya, ba ta ƙonewa ba ta ruɓewa. A 2015 na tattara duk abin da nake da shi na sayi fili a bayan gari, can wajen Janguza. Filin ya yi ta daraja, a bakin dillalai. A 2019 Inna ta kwanta, likita ya ce aiki za a yi mata cikin mako guda. Na kira dillali. Dillali kuwa yana jin ƙanshin matsuwa kamar yadda kura ke jin na nama. Wanda wata biyu da suka wuce yake ce mini "Malam, kada ka kuskura ka sayar, wurin nan gwal ne," shi ne ya zo yana sosa ƙeya, wai kasuwar fili ta mutu, wai mai saye ɗaya ne kuma sai ya ga takardu sun cika, kuma rabi zai bayar yanzu rabi bayan salla. Na kwana uku ina zarya. A dare na uku uwargida ta shigo ɗaki ta ajiye awarwaronta biyu na gwal a gabana, na gadon mahaifiyarta.

"Maigida, ka kai su gobe. Inna ai tawa ce."

Kafin azahar kuɗi suna hannuna. An ɗora su a sikeli, an cire kuɗin aiki, domin mai sayen gwal nauyi yake saye ba ado ba, amma an biya nan take. Fili na miliyoyi ya kasa yin abin da awarwaro biyu suka yi cikin awa uku. Sai da na shekara biyu kafin na mayar mata da su, kuma da tsada, don gwal bai tsaya jirana ba. Tun daga nan nake ware kuɗin cefane da na makaranta na wata shida a asusun da zan iya cira ko da tsakar dare. Ba sa haihuwa, hauhawar farashi ma tana gutsurarsu, na sani. Ladansu shi ne ba wanda zai sake taya mini kayana da rabin kuɗi.

Sukuk kuwa, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, ya koya mini wani abu daban. Da gwamnatin tarayya ta fitar da na farko a watan Satumba na 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, mutanenmu da yawa sun shiga saboda babu kuɗin ruwa a ciki, ladan haya ne, kashi 16.47 cikin ɗari a shekara har shekara bakwai. Na sa 500,000. Duk wata shida 41,175 ke shigowa, ba fashi ba jinkiri, kuma a 2024 aka dawo mini da uwar kuɗina cif. Ba wanda ya cuce ni ko da kwabo. Amma ranar da na sa kuɗin, dala tana wajen naira 360 a Wapa, kasuwar 'yan canji. Ranar da aka dawo da su ta haura 1,500. An cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, an saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Dubu ɗari biyar ɗin da a 2017 za ta sayi kusan dala 1,400, a 2024 da kyar take sayen ɗari uku da 'yan kai. Sai na duba sauran abin da nake da shi: albashi naira, ajiyar banki naira, sukuk naira, adashi naira. Gona huɗu a tudu, karo na biyu, sai dai wannan karon ba a ga faɗuwar a takarda ba, a wurin mai awo aka ganta.

Ban daina sayen sukuk ba. Shi ne ɓangaren da ke ba ni barci. Amma na daina kiransa marar haɗari, kuma a gefensa na fara riƙe abin da ke tashi in naira ta faɗi: ɗan gwal, da hannun jarin kamfanonin siminti da na sadarwa, waɗanda ke iya ƙara farashin kayansu. Hannun jarin banki kuwa na bar shi, na tambayi malaman kamar yadda Alhaji ya ce.

Masu ninka kuɗi ban taɓa shiga nasu ba, kuma ba wayona ba ne, 2008 ce ta yi mini rigakafi. Lokacin da MMM ke alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, kafin ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, tambaya ɗaya Alhaji yake yi wa duk wanda ya kawo masa irin wannan magana: "Me suke sayarwa?" In an fara inda-inda sai ya miƙa wa mutum goro ya canja hira.

Hatsi ne na baya-bayan nan. Kowa a Kano ya san tsarin: ka saya da kaka a Dawanau, ka zuba a sito, ka fitar da bazara ko tsakiyar damina. A 2023 zuwa 2024 waɗanda suka yi haka sun ninka kuɗinsu, har masu sayar da mota su sayi masara. Ni ma na shiga da kakar 2024. Gwamnati ta riga ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 tun watan Yuli, na ji labarin a rediyo ban ɗauke shi a bakin komai ba. Bazara ta zo, farashi maimakon ya hau sai ya yi ta gangarowa. Ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari, ga buhunan da ɓera ya fasa. Na sayar da faɗuwa. Abin da ya bambanta wannan da 2008 shi ne tun kafin na saya na yanke wa kaina cewa hatsi ba zai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da na mallaka ba, duk da wani abokina ya yi ta zuga ni in sayar da filin in ƙara. Shi ya ƙara, har da bashi. Ni na yi asara na ci tuwona na yi barci, kuma a shekarar gwal da hannun jarin sun rufe ramin har da ƙari.

Yanzu sau ɗaya nake zama da lissafina a shekara, cikin Sha'aban, lokacin fitar da zakka, tunda dole ne a ƙirga komai a cire ɗaya cikin arba'in na abin da ta hau kansa. Ina shimfiɗa takarda in rubuta kowane ɓangare da darajarsa ta ranar, sa'an nan a gefen kowanne in rubuta abin da zai iya kashe shi: wuta, faɗuwar naira, rusau, sabuwar dokar gwamnati, ɓarawo. In kalma ɗaya ta fito a layuka da yawa, akwai gyara. Wanda ya yi ƙiba fiye da rabonsa in yanko daga jikinsa in ƙara wa wanda ya rame. Wannan yankan shi ne mafi wuya, don kullum abin da ke kawo riba ne za ka rage, zuciya kuwa cewa take a ƙara.

Bana gwal ne ya yi ƙiba, ya kusa kashi ɗaya cikin uku na lissafin. Na ce wa uwargida ina tunanin rage shi in ƙara sukuk. Ta karɓi takardar ta bi layin da yatsa, ta ce in fara cire awarwaronta da sarƙarta daga ciki tukuna, don ba nawa ba ne. Da na cire, sai ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, na mayar da biro aljihu. Da na ba Alhaji labarin washegari, ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sa'an nan ya ce in duba masa bashin mutumin Agadas, yana jin ya fara nauyi.