Yaƙin basasa a bakin masu alƙalami

Wanda ya karanta My Command, littafin da Obasanjo ya fitar a 1980, zai ɗauka runduna ta uku ta sojojin Najeriya ce kaɗai ta ci yaƙin Biyafara. Alhali sai a watan Mayun 1969 ya karɓi rundunar daga hannun Benjamin Adekunle, bayan an riga an kama Kalaba da Fatakwal. Sa'arsa ita ce a hannunsa aka ƙare, Philip Effiong, wanda Ojukwu ya bar wa ragamar Biyafara, ya miƙa wuya a Janairun 1970, Obasanjo kuma ya riga abokan aikinsa ɗaukar alƙalami. Sai a 2013 Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi yaƙi a rundunar, ya fito da nasa littafin cike da hotuna da taswirori yana ƙaryata shi. Kafin nan an yi shekara 33 ana shan labarin Obasanjo.

Can ɓangaren Biyafara ma Alexander Madiebo, kwamandan sojojinsu, ya rubuta nasa tun 1980.

Mu 'yan Arewa fa? Nan abin yake ci min rai. An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976 bai rubuta komai ba, ga shi kuwa shi ke jagorantar runduna ta biyu lokacin da aka yi wa mutanen Asaba kisan gilla a Oktoban 1967. Shi ne kuma ya yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Neja zuwa Onica, sojoji da yawa suka halaka. Wannan magana ce mai nauyi, kuma da bakinsa ya kamata mu ji ta. Mohammed Shuwa, wanda rundunarsa ta ɗaya ta kama Enugu, an harbe shi a gidansa na Maiduguri a 2012, Allah ya jiƙansa.

Kawuna kurtu ne a rundunar Shuwa. Bai taɓa cewa “yaƙin basasa” ba, “yaƙin Ojukwu” yake cewa. In ya fara ba da labari, ba ruwansa da wane gari aka ci ran wane. Sai ya faɗi yadda ruwan sama ya ruɓar masa da yatsun ƙafa cikin takalmi, da yara masu kumburin ciki da ke bin su suna roƙon ragowar abinci. Da ya zo nan sai ya yi shiru ya miƙe. Ba ya karatun boko, ajami kawai, kuma har ya rasu ba wanda ya zo da rikoda ya tambaye shi.

'Yan mazan jiyan da suka rage duk sun haura shekara 70. In akwai ɗaya a unguwarku, ka kai masa goro, ka kunna wayarka, ka ce, “Baba, a wace runduna kuka yi?”