Sana'ar haɗa takin gargajiya a Argungu: daga ɓuntu da kashin dabbobi zuwa buhu

Sana'armu haɗa taki ce. Masu lambu a fadama, masu renon irin albasa da tumatir, da matan da ke shuka zogale da alayyafo a bayan ɗaki, su ne masu sayen kayanmu. Abin da muke fara fahimtar da kowa shi ne, juji daban, taki daban. Juji tarkace ne da aka zubar aka manta da shi, har da leda da fasasshiyar kwalba da irin ciyawa. Taki kuwa dafa shi ake yi, ba a kan murhu ba, da zafin da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke tayarwa idan sun samu abinci da ruwa da iska. Aikin duka a kan waɗannan ukun yake tafiya.

Kayan haɗi ba sa wuya a Kebbi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya faɗaɗa, ɓuntu ya cika bakin injinan casa, ciyawar shinkafa kuma har yau wasu wuta suke cinna mata a gona, abin da ke sosa mana rai matuƙa. Kayan iri biyu ne. Akwai busassu: ciyawar shinkafa, ɓuntu, ƙaiƙayin gero, karan dawa, busasshen ganyen dogon yaro, ɓawon gyaɗa. Akwai ɗanyu: kashin shanu, na awaki da tumaki, na kaji, ɗanyar ciyawa, ragowar kayan miya na kasuwa. Ma'auninmu baro uku na busassu, baro ɗaya na ɗanyu. In kashin kaji ne a rage, domin ya fi sauran zafi.

Ɓuntu yana da taurin kai. Yana iya yin wata shida a cikin tsibi ka tono shi kamar jiya aka zuba. Shi ya sa ba ma barin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na busassun kaya, kuma ya fi kyau a fara shimfiɗa shi a turken dabbobi ko ɗakin kaji na mako uku zuwa huɗu, ya sha fitsari a tattake shi. Shi kuwa kara, sai an sassare shi da adda gajeru-gajeru kamar tsawon yatsa.

Abin da ba ya shiga ko kaɗan: leda, batir, kwalba, mushe, nama, mai, kashin kare ko na kyanwa, da bayan gida. Haka ma ƙuduji da ya riga ya yi fure, da ganyen tumatir mai cuta. Waɗannan biyun ƙonawa ake yi.

Da rani rami muke amfani da shi, a ƙarƙashin inuwa, zurfin da bai wuce mita 1 ba, faɗi mita 1.5, saboda iskar hunturu na iya busar da tsibin da ke fili cikin 'yan kwanaki. Da damina kuwa a kan tudu ake tarawa, a yi masa rumfa, don rami ruwa yake tarawa ya ruɓar da kaya. A ƙasa ana jera kara domin iska ta samu hanya. Sai busassu kaurin santimita 15 zuwa 20, sai kashin dabbobi kaurin yatsu uku, sai a barbaɗa tsohon taki ko baƙar ƙasa shebur ɗaya ko biyu, a yayyafa ruwa. A maimaita har tsibin ya kai ƙirjin mutum. Kowane hawa da ruwansa. Wanda ya gama tarawa sannan ya kwarara ruwa daga sama, sama kawai ya jiƙa, tsakiya na nan a bushe. Toka kuwa dintsi ɗaya ko biyu a kowane hawa ya isa. In ta yi yawa, musamman a kan kashin kaji, sai ka ji wari mai hawa kai kamar na fitsari, wannan ƙarfin takin ne yake tafiya a iska. A ƙarshe a rufe da tsohuwar zana ko buhunan algarara.

Awon ruwa da hannu ake yi. Ka damƙo kayan daga ciki ka matse. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ka buɗe hannu ya wargaje, ya yi kaɗan. Abin da ake so shi ne ya dunƙule, tafin hannu ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

Zafi kuwa sanda ce ke faɗa. A soka doguwar sanda har tsakiyar tsibi a bar ta a ciki. Daga kwana uku zuwa biyar, in an zaro ta da asuba za a ga tana tururi, ba a iya riƙe bakinta a daɗe. Wannan zafin, digiri 55 zuwa 65 ga mai ma'auni, shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙuda. In sanda ta fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ne babu. In da sanyi amma da danshi, kashin dabbobi ne bai isa ba, ko tsibin ya yi ƙanƙanta. In ta fito da yauƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya toshe iska, sai a baje, a ƙara busasshiyar ciyawa, a sake tarawa. Farin abu kamar toka a tsakiya alama ce ta zafi ya yi yawa ruwa ya ƙare. Gara da tururuwa su ma bushewa ke kiransu. Gwazarma kuwa a ƙarshen aiki take bayyana, a tsince ta a ba kaji kada ta bi taki zuwa lambu.

Juyawa ita ce aikin ƙarfi, kuma ita ce mutane suka fi gudu. Bayan mako biyu a kwashe kayan zuwa rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, ana yi ana yayyafa ruwa. A sake bayan kowane mako biyu, sau uku ko huɗu. Da haka taki kan nuna cikin wata biyu zuwa uku, tsibin ya ragu kusan rabi. Wanda zai sayar wa masu renon albasa a ƙarshen damina, tun bazara ya kamata ya tara.

Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, ba ya ƙara ɗaukar zafi ko an juya shi. Kafin mu zuba a buhu mukan cika gwangwani da shi haɗe da ƙasa, mu shuka wake goma. In takwas ko fiye suka fito lafiya da koren ganye, ya yi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma sa ganye ya yi rawaya, domin ƙananan halittun nan suna janye abincin da shuka za ta ci don su ƙarasa aikinsu.

Ba ma ce wa kowa buhun takinmu zai maye buhun yuriya. Yuriya kashi 46 cikin 100 ne sinadarin naitirojin, takin gargajiya kuwa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Amfaninsa shi ne yana sa ƙasar jigawa ta riƙe ruwa, yana sassauta laka, kuma takin zamanin da aka zuba a kansa ba ya saurin bin ruwa. A ramin shuka dintsi biyu, a ledar reno kashi ɗaya taki kashi biyu ƙasa, a kwamin albasa kwanon sarki ɗaya a kowace murabba'in mita biyu, a cuɗe da ƙasa mako guda kafin a yafa iri.

Na reno mukan tankaɗe shi da ragar ƙarfe, guntayen da suka rage su koma sabon tsibi. Sai a zuba a buhu da ɗan danshinsa, a jera a inuwa a kan katako, ba a rana ba, ba kuma inda ruwan indararo zai same shi ba.